Dan Allah masu jita ku zo: amon jitata kamar sauro, kuma da kod ya canja sai in ɓata

Mai_Jita_Kaduna:

Salamu alaikum jama'ar gidan nan, barkanmu da warhaka. Dan Allah ina da matsala guda biyu da suka daɗe suna ci min tuwo a ƙwarya, na rasa wa zan tambaya shi yasa na kawo nan ko Allah zai sa a dace.

Shekarata ta uku kenan da fara kaɗa jitar lantarki, muna da ɗan band mu biyar, mai ganga, mai bes, mai kibod, mawaƙiya sai ni, muna zuwa biki da ƴan taruka haka. Jitata Squier ce ƙirar Stratocaster, gwanjo na siya, sai ƙaramar amfilifaya ta ɗaki da fedal ɗin Zoom G1X Four, na'urar canja amon jita da ake takawa da ƙafa, da wani yayana ya bar min.

Ta farko amo. A ɗaki in na jona jita a fedal, fedal a amfilifaya, wallahi daɗi kamar me, har ina jin kaina wani shege. Amma a wajen biki tunda amfilifayar ta yi ƙarama sai mai sauti yace in shiga mikisa, na'urar da ke haɗa sautin kowa zuwa manyan sifiku, kai tsaye daga fedal, to daga nan labari ya canja, sai kaji tana zzzz kamar sauro ya shiga kunne, ga wani ƙugi da baya tsayawa musamman in aka tada janareto, kuma da mai kibod ya danna hannu biyu shikenan na nutse ba mai jina. In na ƙara murya mai mikisa ya harare ni ya rage. Wani lokacin ma in leɓena ya taɓa makirfo hannuna na kan tsirkiya sai inji ɗan tsikari amma wannan ba damuwa bane na saba.

Ta biyu ita tafi ƙona min rai. Na haddace fentatonik ɗin nan, sikel mai noti biyar, na firet na 5 (firet su ne ƙarafan da suka raba wuyan jita gida-gida) sama da ƙasa, ina gudu a kai sosai ba yabon kai ba. Yawancin waƙoƙinmu a ki na C muke yi, kod huɗu C Am F G ana ta zagayawa (kod shi ne notin da ake haɗawa a buga tare). In aka ce jita shiga, ina farawa lafiya amma da an kai F ko G sai inji kamar na taka kashin kaza, wani noti yayi daidai wani yayi tsami kuma ban san dalili ba, sai in ƙara gudu dan kar a gane. Ran asabar da ta wuce mawaƙiyarmu ta ce min cikin wasa wai solo na duk iri ɗaya ne ko wace waƙa, na yi dariya amma har gida abin yana cina.

Shin fedal zan canja ko jitar ce ba ta da kyau? Kuma wane sikel ake ƙarawa bayan fentatonik? Na gode.

Injiniya_SabonGari:

Wa alaikumus salam. Malam tsaya, kafin komai, wannan tsikarin da kace ka saba dashi shi ne babbar matsalarka ba sauro ba. Alama ce wani abu cikin kayan sautin ba shi da at, wato wayar nan ta uku mai shiga ƙasa, ko an karya ƙafar filogi ko soket ɗin wajen dama ba a ja masa ba, ko kuma mikisa na kan layi ɗaya kayanka na kan wani. Tsirkiyarka a jone take da jikin kayan, to kai ne ka zama gadar da wutar ke bi. A 1972 haka wani makaɗin jita Les Harvey ya mutu a kan dandamali a Swansea ta Birtaniya, makirfo kawai ya taɓa. Mu nan wutar volt 230 muke sha ba wasa ba. Ku sa mai wayarin ya duba, ku jona komai a layi ɗaya mai at na gaske, janareton ma a kafa masa ƙarfe a ƙasa. Kafin a gyara ka daina kai baki makirfo jita na hannunka, dan Allah.

To sauro. Ni ba gwanin solo bane na bar wa manya, amma gyaran amfilifaya da jona kayan biki shi ne abincina. Inda kace kana shiga mikisa kai tsaye nan gizo ke saƙar. Sifikar amfilifayar jita ba ta iya fitar da can saman sauti ba, daga wajen 5,000 Hz take fara yankewa, kuma wannan gazawar tata ce ke sa distoshan, wato dattin amon da fedal ke sawa, yayi daɗi a kunne. Su kuwa manyan sifikun biki suna da tuwita, ƙaramar sifika mai fitar da can saman sauti, duk wani tsiii da fedal ya haifa sai sun tona masa asiri. A cikin Zoom ɗinka akwai inda aka rubuta CAB, aikinsa kwaikwayon sifikar jita. A ɗaki baka buƙatarsa tunda kana da sifikar gaske, a mikisa kuwa dole ne. Ka yi faci biyu, wato saiti biyu da zaka adana a fedal, na gida da na biki, kuma na bikin ka saita shi da manyan sifiku da ƙarfi irin na wajen, dan abin da kunne ke ji a hankali daban yake da abin da yake ji da ƙara.

Sannan ina da tabbacin gain ɗinka, maɓallin ƙara distoshan, ya kusa ƙarshe kuma ka kwashe mid, wato tsakiyar sauti, ka cika bes da tirebul, kowa haka yake yi a ɗaki. To ƙasa ta mai bes ce da babbar ganga, sama ta faifan ƙarfen mai ganga ce, kai gidanka tsakiya, in ka kwashe mid ka rushe ɗakinka da hannunka kenan. Rage gain zuwa rabi ko ƙasa, ɗaga mid, rage ribab da dilei masu sa amsa kuwwa, zaka ji ka fito ba tare da an taɓa maka murya ba. Kuma ka roƙi mai kibod ya sassauta hannu in kana solo, wannan ba fedal ɗin da ke gyara shi sai baki.

Ƙugi kuma halin fikof mai nadi ɗaya ne irin na Stratocaster, wato maganaɗisun nan na ƙarƙashin tsirkiya mai ɗaukar sauti, yana tsintar 50 Hz na wutarmu kamar eriya, saboda shi ne ma Gibson suka fara sa hambaka mai nadi biyu a Les Paul a 1957. Gwada makunnin fikof a matsayi na 2 ko na 4, a yawancin Squier na yanzu fikof na tsakiya an naɗa shi a juye, in ya haɗu da wani sai ƙugin ya kashe kansa. Ka nisanci janareto da taransfoma da fitilun nan masu walƙiya, kuma ka dinga juyawa a hankali da jitar a jikinka zaka samu wata fuska da ƙugin ke raguwa, sai ka tsaya a haka. In ka taɓa tsirkiya ƙarar ta ragu lafiya lau ne, in ba ta canja ba ko kaɗan to wayar da ke bayan jita wajen sifirin ta tsinke, aikin minti biyar ne da sodarin.

Kebul kar ya wuce mita 6 daga jita zuwa fedal, doguwar waya mai arha tana shanye kaifin amo, kuma ka tabbata kebul ɗin jita ne mai raga a ciki ba na sifika ba, bakinsu iri ɗaya ne mutane na rikitawa. Adafta kuma 9V mai negetib a tsakiya, kar ka kuskura ka ɗauko ta dikoda, yawancinsu 12V ne kuma a juye suke, fedal nawa aka kawo min a ƙone saboda wannan.

Ɗan_Gayu:

Hhhh oga siyar da Squier ɗin nan ka nemi Ibanez mai hambaka ka huta. Ni tunda na canja ban ƙara jin ƙugi ba. Sikel kuma ka shiga YouTube ka koyi mods guda bakwai ɗin nan, Doriyan da su Miksolidiyan, duk manya da su suke aiki.

Tsohon_Hannu:

Ɗan_Gayu Allah ya shirye ka, yaro yana kuka da targaɗe kana cewa ya sayi sabon takalmi.

Ɗana mai tambaya, sannu da ƙoƙari. Ni na fara riƙe jita a Jos tun ana yayin faifan garmaho da kaset, mun yi kiɗan hailaif a otal-otal mun yi na majami'a, yanzu yatsun sun fara gardama amma kunne na nan. Abin da Injiniya ya faɗa maka ka riƙe shi duka, musamman maganar wuta. Amma ni a ganina matsalarka ba biyu ba ce, ɗaya ce ta sa riga biyu. Kana cika gain saboda abin da ya sa kake gudu, kana ɓuya ne. Kai da bakinka ka ce sai ka ƙara gudu dan kar a gane. To an gane, mawaƙiyarku ta gaya maka.

Kar ka ƙara sikel ko ɗaya yanzu. Bari in nuna maka inda kashin kazar yake. Fentatonik ɗinka na firet na 5 noti biyar ne, A C D E G, in da solfa ne a ki na C, la do re mi so. Babu fa babu ti. Yanzu dubi kod ɗinku. C shi ne C E G, duk suna cikin akwatinka. Am shi ne A C E, duk suna ciki. Shi ya sa kake farawa lafiya, rabin farko ko da ido rufe ka faɗa ko'ina gida ne. F kuwa F A C ne, shi F ɗin kansa baka da shi, kuma in ka tsaya a kan E lokacin da band ke kan F to taki ɗaya ne tsakaninsu, wato firet ɗaya, suna gogar juna, tsamin da kake ji kenan. G kuma G B D ne, B babu a akwatinka, kuma in ka zauna a kan C ana kan G sai ya danne B ɗin da mai kibod ke riƙe da shi. Wato ba wai notin ne mugu ba, wucewa ta kansa ba laifi, zama a kansa a lokacin da ba nasa ba shi ne laifin.

Maganin yatsa biyu ne kacal. Tsirkiya ta 2, in ka ƙirga daga mafi siranta, firet na 6, F kenan, maƙwabcin E ɗin da ka saba dannawa a firet na 5. Tsirkiya ta 1 firet na 7, B kenan, ko tsirkiya ta 3 firet na 4. Shikenan, ka cike do re mi gaba ɗaya ba tare da ka bar unguwarku ba.

Amma sanin wurinsu ba shi ne aikin ba. Ga abin da maigidana ya sa ni yi wata guda cur har na so in gudu. Fedal ɗinka yana da lufa ta daƙiƙa 30, ɗauki C Am F G a hankali, bugu huɗu kowanne, ka bar shi yana zagayawa. Kashe distoshan ƙaf. Duk kod noti ɗaya tak zaka buga, a bugun farko, ka riƙe shi har kod ya canja. Kuma na ukun kod ɗin zaka buga, wato notin tsakiya cikin ukun da na lissafa maka, a C ka buga E, a Am ka buga C, a F ka buga A, a G ka buga B. Na uku shi ne ke faɗa wa kunne ko kod ɗin na murna ne ko na baƙin ciki, in ka sauka a kansa ko band ta yi shiru mai sauraro zai ji kod ya juya. Zaka ji abin kamar wasan yara, yi haƙuri ka yi. In ya zauna sai ka ƙara noti ɗaya kafin kowane sauka, kamar mai sallama kafin ya shiga gida, misali C sannan B daidai lokacin da G ya shigo. Daga nan biyu, daga nan uku. Gudun da ka iya ba a banza ba, zai dawo, amma zai zama hanya ce tsakanin gida da gida ba yawon ta zubar ba.

Na biyu ka koyi ƙananan kod a tsirkiya uku na ƙasa, ina ƙirgawa daga ta 3 zuwa ta 1. C shi ne 5 5 3. Am 5 5 5. F 5 6 5. G 4 3 3. Kalli yadda daga Am zuwa F yatsa ɗaya ne ya motsa taki ɗaya. Ka warwatsa su ɗaya-ɗaya maimakon ka buga su tare, ka saurara da kyau, rabin abin da masu hailaif da ƴan Kwango irin su Franco ke yi a saman wuyan jita daga nan ya fito, kuma da amo tsaftatacce suke yi babu wani datti. Sannan akwai gishirin hailaif, in kuna kan C za a tafi F ka jefa Bb, masu solfa na ce masa to, tsirkiya ta 1 firet na 6, sai ka zame zuwa A a firet na 5 lokacin da F ya iso. Gwada ka ji yadda yake jan kunne.

Wata rana zaku yi waƙa a Am a sako E7 a ciki, nan ne fentatonik ke kunyata mutum a gaban jama'a, domin E7 yana da G# kai kuma kana da G. Na taɓa shan wannan a wani bikin aure, ina ta murza G da ƙarfina, mai bes ɗinmu Allah ya jiƙansa ya matso ya ce min a kunne, kai taki ɗaya gaba. Taki ɗaya ne kuwa, tsirkiya ta 1 firet na 4. Shekara nawa yanzu ban manta ba.

Sai abu na ƙarshe, rera abin da zaka buga da bakinka kafin yatsa ya taɓa. In baka iya rera shi ba to yatsa ne ke magana ba kai ba. Kuma baki dole ya tsaya ya ja numfashi, nan jitar ma za ta koyi yin shiru. Marigayi Ɗan Maraya Jos tsirkiya ɗaya ce a kuntiginsa, ya riƙe ƙasar nan da ita har ya rasu a 2015, kai kana da shida.

Af, tsirkiyarka ta yaushe ce? In ta yi baƙi ta haura wata uku kana zufa a kai to canja, ko mai kauri lamba 9 ko 10 duk wadda hannunka ya fi so. Kuma hunturu na busar da katakon wuyan jita, damina ta kumbura shi, sai ka ga tsirkiya ta yi sama ko tana gogar firet. Gwada noti a firet na 12 da na tsirkiya a sake da tuna, na'urar saita tsirkiya, in basu yi daidai ba to ko ka buga notin da ya dace tsami zai yi, a gyara a gadar jita. Ƙarfen cikin wuya kuwa kar ka murɗa fiye da kwata a lokaci guda, in baka saba ba kai wa wanda ya iya.

Ɗan_Agadas:

Assalamu alaikum. Baba Tsohon_Hannu Allah shi ƙara girma, maganarka gaskiya ce ba mu ja da kai, amma ku bar ni in sa baki kaɗan daga wanga ɓangare namu na Nijar.

Mu nan Agadas biki ba ya yin biki sai da gita, kuma abin da zai ba ku mamaki, waƙa guda sai a yi minti goma kan kod ɗaya ko biyu, fentatonik ɗin nan dai da ɗan'uwa ke rainawa shi ne abincinmu, kuma ba wanda ka cewa solo iri ɗaya ne. Mi ya sa? Saboda hannun dama. Ni abin da na ji cikin tambayarka ɗan'uwa duk maganar hannun hagu ce, wane firet wane sikel, ba ka ce komi ba kan bugu. Da yawa cikinmu ba mu aiki da fik, ɗan robar nan na bugun tsirkiya, babban yatsa na riƙe da tsirkiya mai kauri tana ta gurnani kamar ganga, manuni na zuba waƙa a ƙasa, ga ɗan bugun yatsan hagu da fizga da sauri-sauri kamar yadda mai molo ko gurmi ke yi. Wasu ma sukan ɗaga tsirkiya ta 6 daga mi zuwa sol dan ta yi ta amsawa a sake. Noti ukku in ka sa su daidai cikin tafin mata da kiɗan tende sun fi ashirin da sunka zo a makare.

Ku dubi inda abin ya kai. Tinariwen na Mali sun ci Grammy a 2012. Bombino ɗan garinmu ya zagaya duniya. Mdou Moctar da hagu yake kaɗawa, gitarsa ta farko da kansa ya ƙera da wayar birkin keke, kuma kallon marigayi Abdallah Oumbadougou ne ya sa mishi son abin. Etran de l'Aïr tun 1995 suke kiɗan biki cikin garin nan kafin Turawa su san da su. Ba wanda ya jira kayan tsada cikinsu. Mu da munka tashi da ƙaramar amfuli mai batir cikin rairayi, in kuran, wato wutar lantarki, ta ɗauke a ci gaba, wallahi amon yana cikin yatsa. Gwada da kanka, buga kusa da gada ka ji kaifi, matsa kusa da wuya ka ji taushi, buga da tsokar yatsa sannan da farce, gita ɗaya murya huɗu ba ka taɓa fedal ba. Kuma maɓallin murya na jikin gitar ba ado ba ne, aje shi wajen 7 lokacin rakiya, in solo ya zo ka buɗe shi duka.

To shawarata ka yi aikin Baba na bin kod, amma ka ware minti goma kullum ka sa kiɗan ganga na cikin Zoom ɗin, kod ɗaya, noti ukku kawai, ka ga iya maganar da zaka yi da su. Kan la mineur ka zauna tsakanin la, do da re.

Mai_Jita_Kaduna:

Kai jama'a na gode Allah ya saka da alheri, ban zaci zan samu haka ba. Baba wallahi maganar ɓuya ta dake ni amma gaskiya ce. Ɗan_Agadas tambaya ɗaya, da kace daga mi zuwa sol, a wane ki kenan? Dan mi ai ya danganta da inda aka aje do.

Ɗan_Agadas:

Wane irin a wane ki kuma ɗan'uwa, mi ai mi ne, tsirkiya ta 6 a sake.

Tsohon_Hannu:

Hahaha ku tsaya kar ku yi faɗa, ku duka kuna da gaskiya. Su Nijar tsarin Faransa suka gada, do a wajensu kullum C ne, re D, mi E, sol G, ba ya motsi. Mu nan tsarin solfa na Ingila da aka koyar a majami'u da makarantu muka gada, do ɗinmu yana bin ki, in waƙa a G take to G ne do. Abin da yake nufi a ɗaga E zuwa G. Mun taɓa yin wasa da wani mai bes daga Maraɗi, na ce masa koma fa, ya tafi F alhali a G muke ina nufin C, muka yi ta kallon juna kowa na ganin ɗan'uwansa ne bai iya ba. Amma ɗana in zaka ɗaga tsirkiya mai kauri har taki uku ka bi a hankali, tana matse wuya kuma tsohuwa tana iya tsinkewa.

Mai_Jita_Kaduna:

Na dawo da rahoto bayan sati biyu. Injiniya ka yi gaskiya, da muka buɗe doguwar wayar da muke ja daga janareto waya biyu ce kawai a ciki babu ta uku, shekara biyu muna wasa da ranmu. An canja, an kafa ƙarfe, tsikari ya tafi. CAB kuwa ashe a kashe yake tun ranar da aka bani fedal ɗin, gain yana 85, na mai da shi 35 na ɗaga mid. Da farko ji na yi kamar an tuɓe min riga a kasuwa, duk wani kuskure yana fitowa fili, amma mai mikisa da kansa ya tambaye ni ko sabuwar jita na siya. Ƙugi a matsayi na 4 kusan babu, a na 5 yana nan kaɗan na haƙura da shi dan amon fikof na wuya ya fi min daɗi.

Aikin noti ɗaya kuwa Baba kwana ukun farko har barci yake sa ni, a rana ta huɗu ne na fara jin G yana tahowa tun kafin ya iso, ban san yadda zan kwatanta ba, kamar ka ji takun mutum ka san waye. Jiya a biki na yi solo bai fi noti goma sha ba a zagaye biyu, na sauka a B daidai kan G na riƙe shi ina ɗan girgizawa, mawaƙiyarmu ta juyo ta kalle ni ta ɗaga gira. Ban dai tsira duka ba, a waƙa ta gaba mai kibod ya mai da mu F saboda muryarta ta gaji, nan take lissafina ya watse na koma gudun da na saba har aka gama.

To Baba ya ake yi da wannan, sai na haddace na ukun kowane kod a duk ki goma sha biyu ko akwai gajeriyar hanya?

Tsohon_Hannu:

Madalla ɗana. Siffofin nan huɗu da na baka ba a manne suke ba, daga C zuwa F taki biyar ne, ja su gaba ɗaya sama da firet biyar, 5 5 3 ya koma 10 10 8, akwatin fentatonik ɗinka ma ya tashi daga firet na 5 ya koma na 10. Sati mai zuwa ka yi aikin noti ɗaya a F, na sama a G. Kuma ka gaya wa mai kibod ɗinku ya dinga ɗaga maka yatsa kafin ya canja ki, ba a yi wa mutum haka a gaban surukan wani.